Manjo, Ragon da Bature Ya Bar Mini

Shekarun baya, lokacin ina da ƙarfin taka keke daga Ɗorayi zuwa Sharaɗa ba tare da na yi haki ba, na yi aiki a wata masaƙa a matsayin ƙaramin makaniki. Gyaran injinan saƙa ne aikina, kuma shugabanmu wani injiniya ne Bature ɗan Ingila. Dogo ne, jajir, mai yawan gumi, ba mata ba ɗa, shi kaɗai a gidan kamfani da ke Bompai sai kukunsa. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Amma tun ran da na fara aiki da shi har ran da ya tafi ban gane kansa ba. In ka taka masa ƙafa, shi ne zai ba ka haƙuri. In inji ya tsaya cak kowa hankalinsa ya tashi, sai ya dubi agogo ya ce a ajiye sifana, lokacin shayi ya yi.

A lokacin shayin nan yake ba mu labarin ƙasarsu. Hausarsa ta tsince-tsince ce, saboda haka abokina ne ke yi mana tafinta, wani Kirista mutumin Filato da muke aiki a benci ɗaya, wanda ya yi makarantar mishan. A bakinsa muka ji cewa a Ingila akwai wasu fararen agwagin ruwa masu dogon wuya waɗanda duk na Sarauniya ne, ko da a wane kogi suke iyo, kuma duk shekara akan tura manyan mutane cikin kwalekwale su je su ƙirga su. Muka ji cewa sai ka yanki lasin kafin ka ajiye kare. Muka ji cewa in ka doki jakinka da kanka ana iya gurfanar da kai gaban alƙali, kuma tsohuwa kan yi wasiyya ta bar wa kyanwarta abin da za a ciyar da ita. Mukan tuntsire da dariya mu ce abokina ne ke ƙara gishiri. Shi kuma ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah kuwa abin da ya faɗa ke nan, ni ma kaina ban gane ba."

Wata shekara inji ya kama hannun wani abokin aikinmu. Baturen nan da kansa ya ɗauke shi a motarsa zuwa asibiti, jini duk ya ɓata masa kujera, sannan ya tsaya kai da fata har aka bar mutumin a bakin aiki, aka mai da shi maigadi. Abin ya taɓa mu. Da Kirsimeti ta matso sai muka ce ya kamata mu nuna masa mun san alheri. A wurinmu kuwa wace kyauta ce ta kai rago? Muka yi karo-karo muka sayo wani matashin rago fari tas, mai baƙin tabo a ido ɗaya. Ni aka ɗora wa nauyin kai shi Bompai a bayan a-kori-kurar kamfani. Bature ya fito ya yi ta shafa masa ƙaho yana godiya. Na koma na shaida wa jama'a cewa kyauta ta karɓu, kowa ya gyara haƙoransa, don ko ba komai za a aiko mana da cinya.

Kirsimeti ta zo ta wuce. Sabuwar shekara ta shigo. Ko ƙanshin soye ba mu ji ba. Ran nan aka aike ni gidan in karɓo wasu takardu, sai na ja kuku gefe na ce, "Kai, tsakaninka da Allah, ku biyu kuka cinye ragon nan?"

Sai ya kama hannuna ya zaga da ni bayan gida. Ga rago kwance a kan koriyar ciyawar da mu ba a yarda mu taka ba. An yi masa rumfar kwano, an ɗaura masa jan madauri a wuya da 'yar ƙararrawa.

Kuku ya ce, "Ka gaishe shi. Sunansa Manjo. Jiya ni na yi masa wanka, da sabulun da ni kaina ban taɓa gogawa a jikina ba."

Washegari a wurin shayi Bature ya yi mana bayani, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce a rundunar sojan ƙasarsu akwai bataliyar da ke da rago nata na kanta, mai lamba kamar kowane soja, ana yi masa riga, ana fita fareti da shi. Shi ya sa da ya ga yadda namu ke tafiya yana banƙaro ƙirji ya sa masa Manjo. Ni da ba na iya riƙe bakina na ce, "To Masta, yaushe za a yanka?"

Mutumin nan da ma ja ne, amma ran nan sai da ya ƙara. Ya ajiye kofi ya ce da Hausarsa, "Yanka Manjo? A'a! Manjo aboki."

Ni kuwa kuku ya riga ya gaya mini cewa duk Lahadi sai ya gasa masa cinyar rago da ake sayowa a kanti. Na ce wa abokina ya tambaye shi, shin naman Lahadin ba na rago ba ne? Bature ya ɗan yi tunani, ya ce na rago ne, amma wancan bai san shi ba, ba shi da suna. Na koma kan injina ina juya maganar har aka tashi. Mu a nan rago ake yankawa don mutum ya sami suna, su kuma a can suna ake sa wa rago don kada a yanka shi. Na rasa wanda ya juya wa wani baya, mu ko su.

Bayan shekara biyu kwantiraginsa ya ƙare. Kun san mutumin nan sai da ya nemi tafiya da ragon? Ya yi ta rubuce-rubuce, aka amsa masa cewa dokar ƙasarsu ba ta da wasa a kan dabba. Kare ko kyanwa ma sai an kulle su wata shida cur kafin a miƙa wa mai su, don gudun cuta, rago daga nan kuwa ba ma a zancensa. Saura kwana uku ya tafi ya kira ni ofis. Na tarar da abokina a tsaye, ga takarda a kan tebur an buga ta da tafireta, kwafi biyu. Abokina ya karanta mini yana danne dariya. Manjo ya zama nawa. Ba yanka, ba sayarwa, ba kyauta ga wanda zai yanka, har ran da ya mutu don kansa. Wai ni aka zaɓa saboda ni na kawo shi, kuma an lura ina sosa masa wuya in na je gidan.

Gaskiya zan gaya muku. Da na karɓi biro, abin da ke raina shi ne takarda takarda ce, Ingila kuma da nisa. Na sa hannu, abokina ya sa a matsayin shaida. Sai Bature ya miƙe ya kama hannuna ya riƙe gam, idonsa ya kawo ruwa, ya faɗi wata kalma da ban san ya iya ta ba.

"Alkawari?"

Na ce, "Alkawari."

Da yamma na shiga gida da rago a igiya. Mahaifiyata tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗaga kai ta ce, "Masha Allah! Bana layya ta yi kyau." Na durƙusa na yi mata bayani. Ta ajiye rariya ta ce in sake, a hankali.

"An ba ka rago."

"E, Inna."

"Naka ne halak malak."

"Nawa ne."

"Ba yanka."

"Babu."

"Ba sayarwa."

"Babu."

"To me za a yi da shi?"

Na sosa ƙeya na ce, "A dai zauna da shi."

Ta dube ni, ta dubi rago, ta ɗauki rariyarta. "To Allah Ya ba ku zaman lafiya, kai da ƙanin naka." Tun daga ranar ba ta sake kiransa rago ba. Ƙaninka ya ɓarar da ruwa, ƙaninka ya cinye mini zogale.

Zama da Manjo ba sauƙi. Ya saba da biskit a Bompai, sai da ya yi kwana biyu yana hararar dusa kafin yunwa ta koya masa hankali. Ya ƙi kowa sai ni. Ya taɓa kai wa mai garuwa karo har sai da na fita da ba da haƙuri. Ya yi girma, ya yi geza, ƙahonsa ya murɗe, har mahauta kan rage tafiya in sun zo ƙofar gidanmu. Da Babbar Sallah na sayo ɗan ragon da ƙarfina ya kai aka yanka, ƙaton yana tsaye yana kallo yana tuƙa, maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna dariya. Ban yi aure ba tukuna amma duk layinmu Baban Manjo ake kirana. Kuma duk ƙarshen shekara sai katin Kirsimeti ya iso masaƙa daga Ingila, da sunan ragon a bayan ambulan, nawa a ƙasa. Masinja ya shigo tsakiyar ma'aikata yana ɗaga shi yana cewa, "Ina wakilin Manjo?" A ciki Bature kan roƙi hoto. Haka na riƙa ɗauko mai hoto har gida. Ni kaina ban da hoto ko ɗaya na shekarun nan, amma rago yana da su.

Na yi aure, sai kuma zamani ya juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, kayan gyaran inji suka daina shigowa, aka rufe rabin masaƙa, muka koma zuwa aiki kwana uku a mako. Ana cikin wannan hali matata ta haihu, ɗa namiji, na fari. Murna ta yi murna, amma tun a daren farko na san abin da ke gabana: kwana bakwai, kuma ba ni da abin sayen ragon suna. Ga surukaina za su zo daga ƙauye, mota guda.

Mahaifiyata ba ta yi kwana-kwana ba. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Jikana na fari za a raɗa wa suna ba jini, alhali ƙaninka na can yana fama da kitse? Baturen nan daga Ingila yake hango tsakar gidan nan?"

Na ce, "Inna, ku yi haƙuri, na yi alkawari."

Ta ce, "Ka yi wa Bature alkawari. Shi kuma wannan da ya zo duniya jiya, wa ya yi masa?"

Matata ba ta sa baki ba. Sai da na shiga duba jariri ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni dai abin da za a je a faɗa a garinmu nake ji." Wannan maganar ta fi ta mahaifiyata zafi.

Na tafi wurin malamin unguwarmu da takardar a aljihu, kuma ba zan ɓoye ba, so nake ya ce in yanka. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "In naka ne, ka yanka abinka. In nasa ne, amana ce." Na ce takarda ta ce nawa ne, sai dai ba yanka ba sayarwa. Malam ya cire tabarau ya goge ya mayar. "To ai wannan ba rago aka ba ka ba, ɗan riƙo aka ba ka." Ya ce shi dai bai taɓa cin karo da irin wannan a littafi ba, abin da ya sani shi ne alkawari kaya ne, ko da wa ka ƙulla shi. Ya ƙara da cewa akuya ma tana isarwa, kuma wanda ba shi da hali Allah bai ɗora masa ba. Na fito kaina ya fi ɗaurewa fiye da yadda na shiga. Allah bai ɗora mini ba, amma surukai sun ɗora.

Daga nan na taka keke zuwa gidan abokina a cikin Sharaɗa. Na same shi yana ba wani ɗan bunsuru ganye, wanda yake kiwo don Kirsimetin 'ya'yansa kamar yadda yake yi duk shekara. Na miƙa masa takardar na ce ya duba mini da kyau, shin za ta iya kai ni kotu? Ya karanta ya yi dariya. "Takardar nan ba ta da haƙori. Wane alƙali ne a Kano zai zauna sauraron ƙarar rago?"

Na ce, "To me ke riƙe da ni?"

Ya ninke ta ya ba ni. "Kai ka sani. Ni dai abin da na sa wa hannu shi ne na ga ka yi alkawari." Na kuwa ji haushinsa.

A hanyar komawa na yanke shawara. Ɗana ya fi rago. Na gaya wa mahaifiyata, ta yi guɗa. Na aika wa mahauci.

Ranar suna da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro, liman ya zauna, surukina yana gefensa cikin babbar riga. An haƙa ɗan rami a gindin katanga, mahauci yana wasa wuƙa. Mutum biyu suka shiga su jawo Manjo, ya turje, ya kai ɗaya ƙasa. Suka sake gwadawa, ya ja su har bakin rijiya. Mahauci ya ce, "Maigida, ai kai yake ji. Kira shi mana, rana na yi."

Na tsaya a bakin zaure na ce, "Manjo."

Sau ɗaya na faɗa. Sai ga ƙarar 'yar ƙararrawar nan. Ya fito da sassarfa, ya ratsa mutane, ya zo ya cusa hancinsa a aljihun rigata yana neman biskit. Na taka zuwa bakin ramin, ya biyo ni ba igiya ba komai. Na tsaya, ya tsaya. Mutum biyu ƙarti sun kasa kawo shi, ni na kawo shi da sunansa kawai, don bai taɓa jin sunan nan a bakina ya tarar da wani abu ba sai alheri. Mahauci ya miƙo hannu zai kama ƙafarsa. Sai na ji bakina ya ce, "A dakata."

Daga cikin zaure mahaifiyata ta ce, "Me ake jira ne?"

Na ce, "Inna, ba zan iya ba."

Kunyar da na ji ran nan ban taɓa jin irinta ba, har yau. Surukina ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wani daga baya ya ce Bature ya yi mini asiri, kuma wallahi a lokacin ni ma na fara zargin haka. Ga ni tsaye gaban jama'a, ga rago yana lasar hannuna, ga ɗana a ciki ba suna, ban san abin da zan yi ba kuma ban san abin da ya same ni ba.

Muna cikin wannan tsayuwa sai muka ji kukan akuya daga bakin layi. Abokina ne yake turo keke, ya jiƙe da gumi, ɗan bunsurun nan a ɗaure cikin kwando a baya. Ya jingine keken ya gaida liman, ya gaida surukina, ya kwance bunsurun ya miƙa wa mahauci. Sannan ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Tun ran da ka zo mini da takarda na san ba za ka iya ba. Mai niyyar yanka ba ya yawo yana tambaya."

Liman ya ce ya isar. Aka yanka, aka raɗa suna, aka shafa fatiha. Naman bai zagaya ba, kowa ɗan tsoka ya samu, kuma labarin ya riga surukaina isa ƙauye. Matata ta yi mako biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. 'Ya'yan abokina kuwa da kifi suka yi Kirsimeti a shekarar, bai taɓa tada zancen ba.

Manjo ya ƙara shekaru masu dama. Da gezarsa ɗana ya riƙa ya koyi tsayuwa. Da haƙoransa suka zube, mahaifiyata ce ke jiƙa masa dusa da ruwan ɗumi, tana yi tana mita. Wata rana da hantsi ya kwanta ya kasa tashi. Maƙwabta suka taru suna cewa a yi maza a yanka kafin ya zama mushe, kada a yi asara biyu. Mahaifiyata ce ta fito ta tsaya a kansa ta ce, "Ba mai taɓa shi. Shekara nawa muna haƙuri, sai yau da ya rage kaɗan?" Kafin la'asar ya cika. Da aka zo za a ja shi zuwa juji ta hana, ta ce a haƙa masa rami a bayan ɗaki. Ta kwance 'yar ƙararrawar ta ba ni, ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Abokina ya taya ni rubuta wa Bature. Amsa ta zo bayan wata biyu, cike da godiya. A ƙarshenta ya tambaya ko Manjo ya sha wahala, don a ƙasarsu in dabba ta tsufa tana jin jiki, likita ake kira ya yi mata allura ta mutu, a binne ta, kuma wannan jinƙai ne. Na sa abokina ya maimaita mini wurin sau biyu. Wato kashewa ba laifi, ci ne laifi. Na ninke wasiƙar na ce Allah Ya kyauta.

Har gobe ban ce na gane mutanen nan ba, kuma ban ce sun fi mu gaskiya ba. Ina cin nama, ina layya duk shekara da farin cikina. Abin da na sani kawai shi ne ba takarda ce ta riƙe hannuna ba, ba kuma dokar Ingila ba. An ce sabo turken wawa, to ni ne wawan, na yarda. Wani lokaci nakan ce alkawari na cika, wani lokaci kuma in ce ƙarya nake, rago ne kawai ya ba ni tausayi na fake da alkawari. Ɗan nawa yanzu shi ma uba ne, kuma gwaggonninsa ba su daina tsokanarsa da cewa da bunsuru aka raɗa masa suna rago yana kallo ba.

Ni ma dai na kafa tawa dokar a gida, wadda in Bature ya ji zai ce ba ya gane kanmu. Ragon layya sai jajibiri nake sayowa, ba na sosa masa wuya, kuma ba mai sa masa suna. Bara jikata ta shigo da gudu tana cewa, "Kaka, Kaka, ka san abin da muka sa wa ragon?" Na toshe kunnuwana da yatsu biyu, na zura takalmi na fice masallaci, ko kiran salla ba a yi ba.